Mai a turke: yadda hasken UV ke ɗaure man da ke kan farantin had-dis

Ƙanena yana da shagon gyaran kwamfuta a gefen Taminus, nan cikin Jos. Ni malamin fiziks ne a sakandare, kuma in na samu sarari nakan biya ta wurinsa in ɗan zauna. Wata Asabar cikin hunturun bara, wani dattijo, bakanike daga Dilimi, ya shigo da ƙaramin had-dis na waje naɗe a cikin hankici. Bidiyon bikin 'yarsa ne a ciki, da hotunan mahaifiyarsa, Allah ya jiƙanta. In an jona shi da kwamfuta sai ya ɗan yi gurnani, ya yi ƙas, ƙas, ƙas, ya yi tsit.

Ya kara shi a kunne yadda ya saba sauraron inji, sannan ya ce da ƙanena, "Yaro, wannan ai kukan rashin mai ne. Kwance shi ka ɗiga masa, ko na keken ɗinki ne."

"Baba, wannan ba a sa masa mai," in ji ƙanena.

Na ce, "Baba, a yi mini afuwa in sa baki. Mai kam akwai shi a ciki, ba ka yi kuskure ba. Sai dai tun a masana'anta aka shafa shi, aka kuma ɗaure shi da haske. Babu hannun da zai iya ƙara masa ko ya rage."

Ya dube ni da kyau ya ce, "Malam, ana ɗaure mai ne? Da me, a jikin me?"

Tambayar ta dace, kuma ban iya ba shi cikakkiyar amsa a tsaye cikin hayaniyar shago ba. Ita ce na zauna in warware a nan, domin abin da mutanenmu suka tara a cikin waɗannan 'yan akwatuna ba kaɗan ba ne: tafsirin da aka naɗa cikin azumi, aikin masu tace finafinai, sakamakon jarrabawar ɗalibai, hotunan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Duk suna kwance a ƙarƙashin wani shafen mai da ido ba ya gani.

Wanda ya taɓa ganin had-dis a buɗe ya san farantin nan mai ƙyalli kamar madubi. Na manyan kwamfutoci yawanci alminiyam ne, na laftof da irin na Baba kuwa gilashi ne. Ƙyallin da ake gani hawa-hawa ne. A ƙasa akwai shimfiɗun da ke gyara wuri. A kansu akwai shimfiɗar maganaɗisu, gaurayen kobal da kuromiyam da filatinam, wadda ita ce allon da ake rubutu a kai. Sai a lulluɓe ta da kabon mai tauri, wanda ake kwatanta ƙarfinsa da na daimon, kaurinsa nanomita 2 zuwa 3. Can saman duka sai man, kaurinsa wajen nanomita 1.

Nanomita tana bukatar a tsaya a kanta, in ba haka ba sauran bayanin ba zai shiga ba. Ka dubi milimita ɗaya a kan rula, ka raba ta gida miliyan. Kashi ɗaya shi ne nanomita. Silin gashi guda ya kai nanomita 50,000 zuwa 100,000. Farcenka yana tsiro da wajen nanomita ɗaya a kowace daƙiƙa, wato kafin ka ce "bismillah" ya ƙaru da abin da ya kai kaurin man nan. Na taɓa zama na buga lissafi da ɗalibaina: fuskar babban faranti ɗaya tana ɗauke da man da nauyinsa bai wuce kashi 12 cikin miliyan na giram ba. Ɗigo ɗaya tak, irin wanda Baba yake so a ɗiga, zai ishi fuskar faranti sama da 7,000.

Me ya sa ake irin wannan rowa? Abin da ke rubutu da karatu, wanda zan kira allura saboda waɗanda suka san garmaho, ba ya taɓa farantin. Yana maƙale a gefen wani ɗan guntun tangaran da tsawonsa bai kai milimita ɗaya ba, an sassaƙa cikinsa yadda iskar da faranti ke ja in yana juyawa za ta ɗaga shi sama. Ƙaramin had-dis irin na Baba yana juyi 5,400 a minti, wato 90 a daƙiƙa. Babba yana yin 7,200, kuma bakin farantinsa yana wucewa ta ƙarƙashin allura da gudun da ya kusa kilomita 130 a awa. A cikin wannan gudun, ratar da ke tsakaninsu 'yan nanomita ce. A na zamani ma akwai ɗan abin ɗumama a jikin allurar, wanda ke kumbura ta ta ƙara matsowa har rata ta koma nanomita ɗaya ko biyu lokacin aiki. Dalili kuwa shi ne, iya ƙanƙantar ɗigon maganaɗisun da ake rubutawa, iya raunin muryarsa, sai ka matsa kusa za ka ji. Had-dis na farko, wanda IBM ta fitar a 1956, farantai 50 gare shi, kowanne faɗinsa inci 24, kuma abin da yake ɗauka haruffa miliyan 5 ne. Yau wanda za ka riƙe a tafin hannu yana ɗaukar terabayit 20 ko fiye. Babban abin da aka biya kafin a kai nan shi ne rata. Kabon da mai duk a cikin ratar ake lissafa su, saboda haka kowace nanomita da aka ba su an ƙwace ta ne daga wurin ajiya.

To in allura ba ta taɓa faranti, ina amfanin mai? Tana taɓawa, jefi-jefi. Tebur ya girgiza, jakar laftof ta bugu, wata ƙwayar ƙura ta gitta. Tun daga na'urar IBM ta 1973 da aka yi wa laƙabi da Winchester, allura kan sauka ne ta kwanta a kan farantin in an kashe wuta, ta kuma ja ciki kafin ta tashi in an kunna, shi ya sa aka soma shafa wa farantai mai. Na yanzu akasari suna da wata 'yar matattakala a gefe inda allura ke hawa ta huta, amma gogayya ta bazata tana nan. Banda haka man yana da aiki na biyu da ba a cika faɗa ba: shi ne laimar da ke hana danshi da dauɗa zama a kan kabon.

Man ba irin na mota ba ne. Ana kiran danginsa PFPE a taƙaice. Kowace ƙwayarsa doguwar sarƙa ce ta kabon da oksijin, an yi mata sutura da fulorin tun daga sama har ƙasa. Ɗan'uwan Teflon ne, abin da ake shafa wa kaskon suya don kada abinci ya kama, sai dai shi wannan ruwa ne. Ba ya cin wuta, ba ya saurin tashi ya bi iska, ba ya son haɗuwa da komai, yana kuma bazuwa siriri a kan duk abin da ya samu. Fomblin na kamfanin Montedison na Italiya, wanda daga baya ya koma hannun Solvay, shi ne ya fi shahara a wannan sana'a. Akwai kuma Krytox da kamfanin DuPont ya ƙirƙiro, da Demnum na Daikin a Japan. Wajen shafawa ba buroshi ba feshi. Ana narka ɗan kaɗan a cikin wani ruwa mai saurin bushewa, a tsoma farantai, a zaro su a hankali da saurin da aka auna. Ruwan ya bushe ya bar man. Kaurin da za a samu ya dogara ga ƙarfin haɗin da saurin zarowa, kamar dai yadda marini ya san tsoma nawa za ta ba shi shuɗin da yake nema.

Halin nan nasa na rashin son haɗuwa da komai, wanda saboda shi aka zaɓe shi, shi ne kuma matsalarsa. Abin da ba ya kama komai, farantin ma ba zai kama ba.

Ka tuna yadda farantin ke juyawa. A bakin babban faranti, ƙarfin da ke wurga abu waje ya ninka nauyin abin sama da sau 2,500, kuma wani had-dis ɗin zai shekara biyar yana juyi ba hutawa. Sakakken mai zai riƙa silalewa zuwa baki a hankali, tsakiya ta bushe. Iskar da ke ƙarƙashin allura ma tana tura shi. Wani ya tashi saboda zafi. Wani kuma ya ɗane jikin allurar, ya taru a bayanta, ya sauya yadda take shawagi, rata ta ƙaru, rubutu ya yi rauni, ko kuma ya taru ya ɗigo a kan faranti ya zama tudu a hanyarta. A tsofaffin na'urori da allura ke kwana a kan faranti, mai mai yawa yakan taru a ƙarƙashinta ya manne ta, kamar yadda gilashi biyu ke mannewa in ruwa ya shiga tsakaninsu, har inji ya kasa juyawa da safe. Sai kuma danshi. Ruwa ya fi man son kabon, saboda haka in iska ta jiƙe yakan kutsa ƙarƙashinsa ya ture shi. Kabon mai kaurin nanomita 2 ba ya rasa 'yan ƙofofi, kuma ta nan ruwa ke kai wa kobal, tsatsa ta ɓullo ta yi ƙurji a saman faranti.

Dabarar farko da aka yi ita ce ba sarƙar hannuwa. A nau'in da ake kira Z-dol, an liƙa wa kowane ƙarshen sarƙar wani ɗan haɗi na oksijin da haidurojin, wanda shi yana son kama kabon. Hannu biyu ke nan. Daga baya aka fito da Z-tetraol mai hannu huɗu. Ana kuma gasa farantai a ɗaki mai zafin da ya haura digiri 100 don hannuwan su samu wurin kamawa. Wannan kamu yana aiki, amma riƙo ne, ba ƙulli ba; ruwa yana iya ɓamɓare shi.

A masana'anta akwai gwaji mai sauƙin fahimta da ake raba ɗaurarren mai da sakakke. A auna kaurin man, a wanke farantin da ruwan nan da aka narka man a ciki, a sake aunawa. Abin da ya tafi sakakke ne, abin da ya rage ɗaurarre ne. Duk matar da ta taɓa wanke sabuwar atamfa ta ga ko tana zuba ta san wannan gwajin. Kason da ya rage bayan wanki shi ne lambar da injiniyoyi ke bi, kuma shi hasken UV ke ɗagawa.

UV haske ne da ke gaba da shunayya, inda idon mutum ya gaza. Wani Bajamushe, Johann Ritter, ya gano shi a 1801, da ya lura wani sinadarin azurfa yana yin baƙi da sauri a wurin da ido ba ya ganin komai. Ba baƙo ba ne a kasuwarmu. Fitilar duba jabun kuɗi UV ce. 'Yar fitilar da masu gyaran waya ke haska wa gam in sun liƙa gilashin kariya UV ce. Masu fiya wata suna da tasu ta kashe ƙwayoyin cuta. Sai dai suna ɗaya, ƙarfi daban. Haske yana tafiya ne kamar igiyar ruwa, ana kuma auna shi da tsawon zangonsa, wato tazarar da ke tsakanin tudun igiya ɗaya da na gaba, kuma iya gajartar zango, iya ƙarfin dukan kowace ƙwayar haske. Ta kuɗi da ta gam suna wajen nanomita 365 zuwa 400. Ta ruwa 254. Wadda ake ɗaure mai da ita 185 ce, daga fitilar zaiba, ko 172 daga fitilar iskar zenon. Irin wannan haske rana ma ba ta kawo mana shi ƙasa, sararin sama ke shanye shi. Don haka kada wani ya karanta wannan ya shanya faranti a rana ko ya haska masa fitilar gam. Ko kusa ba su kai ba.

Iskar da muke shaƙa ma ba ta barin sa ya yi nisa. Oksijin yana shanye hasken da bai kai nanomita 200 ba, ya rikiɗe ya zama ozon, shi kuma ozon yana cin kabon. Shi ya sa ake haskawar a cikin akwati rufaffe da aka kori iska aka cika da naitirojin. Farantai su shiga da mansu, a haska fuska biyu, su fito. Lokacin da daƙiƙa ake lissafa shi, ba da awa ba.

Abin da ke faruwa a cikin daƙiƙoƙin nan shi ne wurin da na fi so a duk maganar, domin darasi ne da nake koya wa 'yan ajin ƙarshe. Man nan kusan ba ya shan wannan haske, ratsa shi yake yi ya wuce. To ta yaya hasken da bai tsaya a jikinka ba zai ɗaure ka? Masu bincike na IBM a cibiyarsu ta Almaden da ke San Jose, a jihar Kalifoniya, sun ba da amsa a farkon shekarun 1990. Hasken yana wuce man ya daki kabon da ke ƙasa. Kafin a fizgo elektron, wato 'yar ƙwayar lantarki da ke cikin kowace zarra, daga jikin kabon ana bukatar ƙarfin da ya kai wajen elektron-bolt 5, wanda shi ne ma'aunin irin wannan ƙaramin ƙarfi. Ƙwayar haske mai zango 185 tana ɗauke da 6.7, mai 172 tana da 7.2, ta fitilar ruwa 4.9, ta fitilar kuɗi 3.4 kacal. Wannan shi ne abin da Albert Einstein ya bayyana a 1905, wanda ya jawo masa kyautar Nobel ta 1921: ba yawan haske ke fizgo elektron ba, ƙarfin kowace ƙwaya ne. Ka tara fitilar kuɗi dubu, elektron ɗaya ba zai fito ba.

Elektron ɗin da ya fito ba ya nisa, domin man na kwance a kansa. Sarƙar da ke sanye da fulorin kuwa mayunwaciyar elektron ce, sai ta cafke shi. Cafkewar ce ke tsinka wani haɗi a jikinta, ya bar wuri a buɗe mai neman abin kamawa ido rufe. Abin da ya fi kusa shi ne kabon, ko wata sarƙar 'yar'uwarta. Sai ta ƙulla da shi, ƙulli na gaske irin wanda ke riƙe da ƙwayoyin zarra a cikin sarƙar kanta, wanda wanki ba ya kwancewa, ruwa ba ya turewa. Bayan shekaru wasu masu binciken sun sake duba lamarin, suka ce ɗan hasken da man ke sha ya isa ya tsinka sarƙar kai tsaye ba sai elektron ya shiga tsakani ba. An yi ta muhawara a kan wace hanya ta fi rinjaye. Abin da ba a yi jayayya a kansa ba shi ne sakamakon: ko Fomblin marar hannu ko ɗaya, in aka haska shi, yana kamawa.

A nan ne turke ya shigo, wanda da shi na kwatanta wa Baba. Da damina, in shuka ta fito, akuya a turke take, tana da igiyar da za ta zagaya amma ba ta barin wurin. Hannuwan Z-dol turke ne a ƙarshen igiya kawai, tsakiyar sarƙar tana iya tasowa ta yi baka. Hasken UV yana kafa turaku a tsakiya ma, sarƙar ta kwanta ta lafe. Saman faranti ya ƙara ƙin ruwa. In aka ɗiga ruwa a kai don gwaji sai ya dunƙule ya tsaya kamar a kan ganyen gwaza. Dauɗa ta rage kamawa, man da ke ɗane allura ya ragu, silalewa zuwa baki ta ragu, tsatsa ta rasa hanya. Allura kuma ta samu damar ƙara matsowa.

Mai karatu zai ce, to a haska shi sosai mana, a ɗaure duka a huta. Nan ne gizo ke saƙa. Ranar da allura ta goga faranti, tana share man da ke wurin ta bar kabon tsirara. In akwai sakakken mai a kusa, zai gangaro ya rufe gurbin kafin wata gogar ta zo. In duka a turke yake, babu mai zuwa. Gurbin zai zauna a buɗe, allura tana wucewa ta kansa sau 90 ko 120 a daƙiƙa, har kabon ya soma cinyewa, garinsa ya zama ƙura, ƙurar ta haifi wata gogar. Hasken da ya yi yawa kuma yana daddatsa sarƙoƙin su gajarce, gajeru kuwa sun fi saurin tashi. Faranti mai ɗaurarren mai zalla yana da tsabta, amma ba ya warkewa in ya ji rauni. Mai sakakke zalla yana warkewa, amma yana ɓata allura yana kuma tsiyayewa.

Mai suyar masa a Gangare ta san wannan tun kafin a ƙera kwamfuta. Sabuwar tanda ba a zuba mata ƙullu haka kawai, sai ta sha mai ta sha wuta har ta yi baƙin nan mai santsi da ba ya fita da wanki. Amma duk tsufan tanda, kafin kowane zubi sai an ɗiga sabon mai a gurbi. Baƙin shi ne ɗaurarre, ɗigon shi ne sakakke, kuma in aka rasa ɗaya masa za ta kama. Bambancin kawai, mai masa tana da ludayi a hannu duk safiya. Injiniyan had-dis sau ɗaya zai zuba, ya rufe, kuma abin da ya bari sakakke shi ne guzurin farantin har ƙarshen rayuwarsa. Saboda haka tsawon lokacin haskawa, da nau'in man, da irin kabon da ke ƙasa, duk tare ake auna su, kuma kowane kamfani yana riƙe da ma'auninsa. A ganina wannan shi ne ainihin gwanintar: kunna fitila kowa zai iya, sanin lokacin kashe ta shi ne aikin.

Had-dis ɗin Baba dai ba mai ya rasa ba. Ƙanena ya sauya kebul, ya jona shi ta bayan babbar kwamfuta maimakon ƙofar gaba, sai ga shi ya tashi. Wuta ce ba ta isar sa; inji ya soma juyi, allura ta yunƙura, ƙarfi ya gaza, ta koma mazauninta, ƙarar komawar ce ƙas ɗin da muke ji. Nan take aka kwafe bidiyon da hotunan zuwa wuri biyu kafin a yi wata magana. Baba ya yi hamdala, ya sa wa ƙanena albarka.

Ba kullum ake dacewa haka ba. Sau da yawa wannan ƙarar tana nufin allura ta lalace, kuma kowane sake kunnawa ƙarin karce ne a kan faranti. Irin wannan sai masu ɗaki na musamman da ake tace iskarsa, inda ƙa'ida ita ce kada a samu ƙwayar ƙura mai girman rabin maikiron sama da 100 a cikin iskar da za ta cika akwati mai ƙafa ɗaya ta kowace fuska. Rabin maikiron nanomita 500 ne. Ka gwada da ratar nanomita biyu. Yanzu ka tuno shagon bakin titi a Jos cikin watan Janairu, lokacin da ake share tebur da safe kafin azahar a iya rubuta suna a kansa. Abin yana ci mini rai in na ga an kawo had-dis da aka riga aka kwance a wani wurin "don a duba", da shatin yatsa a kan faranti. Maiƙon yatsa ɗaya ya fi man masana'anta kauri nesa ba kusa ba. Haka masu ba da shawarar a sa shi a firji: in ya fito, raɓa ce za ta kwanta a kan farantin, ruwan da aka yi duk wannan wahala don a kore shi. Ko wanda ya kwana a mota cikin sanyin Jos, gara a bar shi ya ɗumama a ɗaki kafin a kunna. Ƙaramar ƙofar nan da ke jikin murfi, wadda akan rubuta kada a toshe, matatar numfashi ce da ke daidaita iskar ciki da ta waje. Tunda iska ce ke ɗauke da allura, masu ƙerawa sukan iyakance aiki da shi a tudun da bai wuce mita 3,000 ba. Jos tana wajen mita 1,200, muna cikin iyaka.

Kamfanoni uku suka rage a duniya masu ƙera had-dis, Seagate da Western Digital da Toshiba. SSD, wanda ba abin da ke juyi a cikinsa, ya karɓe laftof, amma manyan rumbunan bayanai har yanzu farantai suke saye saboda araha. Matsin da ke kan man nan kuwa ƙaruwa yake yi. Dangin sinadarai masu fulorin suna shan bincike saboda ba sa ruɓewa a ƙasa ko a ruwa, kuma a Disambar 2022 kamfanin 3M, wanda ke yin wasu daga ruwan da ake narka man a ciki, ya sanar zai daina ƙera su zuwa ƙarshen 2025. Sai kuma zafi. A Janairun 2024 Seagate ta sanar da had-dis mai terabayit 30 wanda ke rubutu da taimakon leza. Shimfiɗar maganaɗisunsa ta ƙarfe da filatinam ce, mai taurin kai, ba ta karɓar rubutu sai an gasa ta. Saboda haka akwai 'yar leza a kan allurar da ke ɗumama ɗigon da za a rubuta ya haura digiri 400, ya kuma huce, duk a cikin wajen kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa. Zafin nan ta cikin man yake bi kafin ya isa maganaɗisu. Sakakken mai yana tashi daga wurin, wani ya koma ya kwanta, wani ya daskare a bakin allura tare da dauɗar da ya kwaso. Dole ɗaurarren ya jure wuta ba tare da ya tsinke ba, dole kuma a bar sakakken da zai dawo ya rufe gurbi, duk a cikin kaurin nanomita ɗaya.